Kwalba Uku

Ƙarfe biyun dare, bazara ta hana Katsina barci.
Lantana ta turo ƙofa da gwiwar hannu,
kwalba uku a tafinta, ta lulluɓe su da ɗayan
kamar mai kare fitila daga iska.
"Gado na bakwai. Mudassir, daga Ƙofar Marusa.
Wuya ya ƙi lanƙwasa tun la'asar."

Na ɗaga su ga haske.
Ruwan laka, in da lafiya, garau yake,
ka rantse kwalbar wofi ce.
Wannan kuwa ruwan wankin shinkafa.
Ja kaɗan a ta farko, a ta uku babu:
allura ce ta shafi jijiya a hanya,
ba jini ke tsiyaya a kai ba. Na gode Allah a kan wannan.

Ba a kai shi firji.
Malam Ilu ya koya mini, yana dukan tebur,
shekara goma sha huɗu ke nan:
"Ƙwayar sanƙarau da ke kayar da ƙato a yini guda
raguwa ce in ta fito waje.
Sanyi kaɗan ta mace, ka nema ka rasa,
ka sa hannu a kan ƙarya."

Ɗigo guda a gilashin ƙirga
mai zane gida-gida kamar dara.
Inda ya kamata fararen ƙwayoyi su tsaya a biyar
na yi ta danna maƙirga har yatsa ya sage.
Dubu biyu da ɗoriya.
Furotin ya hau. Sukari ya faɗi warwas,
wani na cin abincin yaron a cikin kansa.

Injin ya ɗauki sauran yana wulwulawa,
wuta ta ɗauke a tsakiya.
Na tsaya a duhu ina jin gumi na bin bayana
har janareta ya yi tari sau biyu ya tashi.
Guggubi ya kwanta a gindin kwalba,
bai kai ƙwayar gero ba.

Ni ma marini ne, sai dai marinata
ba ta fi faɗin farce ba.
Shunayya, minti guda. Aidin. Sifirit ya wanke.
Ja a ƙarshe.
Ɗigon mai, in sunkuya, in murɗa a hankali,
duniya ta yi hazo, ta yi hazo, ta washe.

Ga su nan.
Bibbiyu, ja-ja, ciki da ciki
kamar wake da aka tsaga ba a raba ba,
wasu a cikin fararen ƙwayoyin da suka haɗiye su
suka mutu tare.

Na kira Dokta Zayyanu.
Ya ce allura ta riga ta shiga, bai jira ni ba,
haka kuwa ya dace.
Na ce to a ci gaba da ita, an dace da abokin gaba,
a nemo ƙannensa da suke kwana ɗaki ɗaya,
da safe a sanar da ofishin lafiya.

Ragowar na shafa a farantin dafaffen jini,
na sa a tulun gilashi da guntun kyandir,
na rufe, na jira harshen ya mutu,
na kai ɗumi daidai na jikin mutum.
Nan da jibi za su tsiro su faɗi danginsu
da maganin da suke tsoro.

Wani ya ƙwanƙwasa taga.
Baƙin mai a hannunsa, mai faci ne, bai ko wanke ba.
"Malam, me ka gani?"
Ba bakina ne zai faɗa ba, aikin likita ne.
Na ce, "Baba, mun san sunan abin."
Ya jinjina kai, ya maimaita wa kansa,
ya koma ya zauna a kan takalmansa.

Assalatu ta taso daga wajen Gobarau.
Na wanke hannu, shunayya ta ƙi fita.
Ban taɓa ganin fuskar Mudassir ba.
Cokali guda na ruwansa na sani,
da lambar da Lantana ta rubuta a karkace.